Malaman Hausa: a rera waƙa kafin a yi sharhinta

Malam, in za ka koyar da rubutacciyar waƙa ga 'yan WAEC ko NECO, kada ka fara da jigo a kan allo. Fara da rerawa.

Ɗauki baiti 5 kawai. Ka rera sau biyu, ɗalibai su amsa maka ɗango bayan ɗango, wato layi bayan layi. Minti 10 ya isa.

Sannan ka tambaye su: wane sauti ne ke dawowa a ƙarshen kowane baiti? Sun gano babban amsa-amo ke nan. Wanda ke maimaituwa a cikin baitin shi ne ƙarami. Su ƙirga ɗangogi da yatsa, su faɗa maka ƙwar biyu ce (ɗango biyu a kowane baiti) ko ƙwar biyar. Kun shiga zubi da tsari ke nan, wato yadda aka gina waƙar, ba tare da ka cika allo ba.

Dalili kuwa, waɗannan waƙoƙin don kunne aka tsara su, da yawansu bisa karin waƙar Larabci. Abin da ido ya tsallake, kunne na kama shi.

Amma fa rerawa ba ta fassara kalma. Tsofaffin waƙoƙin wa'azi cike suke da kalmomin aro na Larabci, yaro sai ya haddace baiti sumul bai san me ya ce ba. Don haka bayan rerawa kowa ya ja layi a ƙarƙashin kalma 3 da bai gane ba, ku warware su tare, sannan a shiga jigo da salo.

A rubutun zube, wato labari, dabarar ba ta aiki. Can sai a raba musu taurarin labarin, kowa ya karanta maganar nasa.