Yadda Ake Gane Tauraron Dabaran

Masu koyon kallon taurari sun fi faɗuwa a wuri ɗaya: da sun hango wani jan tauraro sai su ce ga Dabaran. Sau da yawa Betelgeuse ne suke nunawa, ko kuma duniyar Mars.

Kada ka fara da launi. Fara da Kaza Mai 'Ya'ya, wato Surayya. Daga Nuwamba zuwa Maris ka fita bayan sallar Isha, ka nemi wannan cincirindon. Miƙe hannunka sosai, ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen ya kai digiri 10. Dabaran yana kamar dunƙule ɗaya da rabi daga Kazar, yana biye da ita, kuma daga nan Larabawa suka raɗa masa suna, ma'anarsa mai bin baya.

Nan ne ake rikicewa, don haka ka tabbatar da hanya ta biyu. Nemi taurarin nan uku da ke jere a ƙugun Orion, wato rukunin taurarin nan mai siffar mutum, ka ja layi daga gare su zuwa Kazar. Tauraro mai haske, ruwan lemo, da za ka tarar a hanya shi ne Dabaran, a bakin wasu ƙananan taurari masu siffar V. Betelgeuse a kafaɗar Orion yake, ba ya kan layin, ba shi da V. Mars kuwa ba ya ƙyaftawa. In ba ka ga V ba, ba ka sami Dabaran ba tukuna. Ido ne kawai ya haɗa Dabaran da V ɗin: taurarin V ɗin sun fi shi nisa ninki biyu da wani abu.

Ƙurar hunturu tana mayar da kowane tauraro ja idan yana ƙasa-ƙasa, saboda haka ka jira ya ɗago. A Kano, tsakiyar Janairu, wajen ƙarfe 9 na dare yana kusan saman kanka.

Kar ka kashe kuɗi a kan babban madubin hangen nesa. Na hannu mai lamba 10x50 ya isa. Ɗan kauce wa saitinsa, launin zai baje ya fito sarai. Wannan launi daga zafin tauraron yake: digiri 3,900 a ma'aunin Kelvin, Rana kuwa kusan 5,800. Ya fi Rana faɗi sau 44, kuma hasken da ya shiga idonka shekara 65 ya yi a hanya.

Ƙarshen Mayu da farkon Yuni kar ka wahalar da kanka, Rana ta rufe shi.