Yadda Ake Gano Matsayin Kariyar Tsiro: Misalin Salix lanata

Ɗaliban da ke kawo mini aikin makaranta a Agege kan tsirran da ake fargabar ɓacewarsu sukan tsaya a amsar farko da suka gani a waya, alhali tsiro ɗaya yana iya yawaita a wata ƙasa, ya yi ƙaranci matuƙa a wata. Itacen daji na ƙasashen sanyi mai suna Salix lanata ya isa misali.

A fara da riƙe sunan kimiyya daidai, domin dangin Salix sun haura iri 300, kuma da yawansu suna kama da juna. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, shi ne ya raɗa wa wannan itace suna a 1753. Gajeren itace ne mai yawan rassa, ganyensa lulluɓe da gashi mai laushi kamar ulu, furensa kuma ruwan ɗorawa.

Daga nan a nemi sunan a jerin IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, wanda ke nuna matsayin kariyar kowane iri, kuma aka soma shi a 1964. LC na nufin babu damuwa sosai, VU na nufin tsiron yana da rauni, EN da CR kuwa haɗari ne babba. Amma kada a tsaya nan, sai an duba jerin kowace ƙasa. Salix lanata yana da yawa a Norwe da arewacin Rasha, amma a Birtaniya ba a samun sa sai a tsaunukan Sikotilan, kuma jerin ƙasar na 2005 ya sa shi a rukunin VU.

Abin da na fi so ɗalibi ya daɗe a kansa shi ne dalilin ƙarancinsa a Sikotilan. Tumaki da barewa sun cinye shi har ya rage a tsagin duwatsun da ƙafarsu ba ta kaiwa. Ga shi kuma namiji daban, tamata daban, don haka idan tazara ta yi yawa tsakaninsu, ƙwari ba sa kai ƙurar fure, iri kuma ba ya samuwa. Shi ya sa aka kewaye wani yanki na Corrie Fee, wani kwari a tsaunukan Sikotilan, da shinge, aka kuma dasa waɗanda aka rena.

Wajen rubuta sakamako, a haɗa sunan, da rukunin, da yankin, da shekarar tantancewa a jimla ɗaya. Wanda ya iya wannan sai ya gwada da sunayen itatuwan da zai gani a cibiyar kare muhalli ta Lekki.