Daga Sakandare Zuwa Jami'a a Amurka: Shirin da Ɗalibi Mai Nakasa Zai Yi Tun da Wuri

Ranar da ɗalibi mai nakasa ya karɓi takardar kammala sakandare a Amurka, dokar da ta riƙe shi tun yana ƙarami ta sake shi. Sunanta IDEA. Ita ce ta wajabta wa makarantun gwamnati su nemo yaron da ke buƙatar taimako, su gwada shi kyauta, su rubuta masa tsarin karatu na kansa wanda ake kira IEP, su kuma riƙa zama da iyayensa duk shekara. Wannan doka ba ta shiga jami'a. Can dokoki biyu ne ke aiki: Sashe na 504 na dokar 1973, wanda ya hau kan duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, da dokar ADA ta 1990. Abin da suke tabbatarwa shi ne kada nakasa ta hana ka shiga aji, ko samun littafi, ko rubuta jarrabawa kamar kowa. Ba su yi alkawarin za ka ci ba, kuma ba su umarci kowa ya neme ka ba. Idan ba ka kai kanka ka yi magana ba, jami'a za ta ɗauke ka a matsayin wanda ba ya buƙatar komai, kuma doka na tare da ita.

Takardu kafin komai

Dokar IDEA ta ce a shigar da shirin rayuwa bayan sakandare cikin IEP daga shekara 16, wasu jihohin ma daga 14. Ka halarci waɗannan zaman da kanka, ka yi magana da bakinka, domin nan ne za ka koyi abin da za ka yi kai kaɗai nan gaba.

Kafin ka bar makarantar, ka karɓi kwafin abubuwa uku: IEP ɗinka na ƙarshe ko tsarin 504 (tsarin taimakon da makaranta ke rubutawa a ƙarƙashin Sashe na 504), rahoton gwajin ƙwararru na baya-bayan nan, da taƙaitaccen bayanin ƙwazonka wanda doka ta wajabta wa makaranta ta ba mai IEP idan zai fita. A nan ne iyalai da yawa ke tuntuɓe. Suna zaton IEP kaɗai ya isa, alhali jami'o'i da dama suna son rahoton likita ko masanin halayyar ɗan Adam da ya faɗi sunan larurar, yadda aka gano ta, da yadda take shafar karatu a yanzu. Ga masu matsalar karatu da rubutu ko ta tattara hankali, wasu jami'o'in ba sa karɓar gwajin da ya wuce shekara uku zuwa biyar. Jami'a ba ta da wajibcin yi maka gwaji ko biyan kuɗinsa, kuma yin sa a waje yana da tsada ƙwarai. Saboda haka ka roƙi sakandare ta sabunta gwajin a shekarar ƙarshe ko wadda ke gabanta, tun kana ƙarƙashinta. Ba kullum take yarda ba, amma roƙon bai ɓaci ba.

Idan za ka rubuta SAT ko ACT, wato jarrabawowin neman shiga jami'a, sassaucin jarrabawar, kamar ƙarin lokaci, daban ake nemansa, ta hannun makarantarka. Hukumar College Board, mai shirya SAT, takan ɗauki har mako bakwai kafin ta amsa.

A takardar neman gurbi, jami'a ba ta da ikon tilasta maka faɗin nakasarka, kuma ba za ta hana ka gurbi saboda ita ba. Faɗa ko shiru zaɓinka ne. Amma ka sani, rubuta ta a takardar neman gurbi bai zama rajista ba, ofishin ɗaukar ɗalibai daban yake da ofishin kula da ɗalibai masu nakasa.

Ofishin da za ka fara nema

Da zarar ka karɓi gurbi, ka tuntuɓi wannan ofishi, kada ka jira a buɗe makaranta. Za ka cike fom, ka miƙa takardunka, sannan a sa maka ranar ganawa da jami'i. A ganawar ba sunan cuta kawai ake son ji ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. "Ina da matsalar ido" ba ta gina komai. "Ba na iya karanta rubutun allo daga kowace kujera, ina karatu da manhajar da ke karanta allon kwamfuta, kuma shafin da aka ɗauka a hoto ba ya karantuwa gare ni" ita ce maganar da jami'i zai iya mayarwa sassauci. Ka gwada faɗinta a gida har ta zauna a bakinka.

Abubuwan da aka saba amincewa da su sun haɗa da ƙarin lokacin jarrabawa, galibi rabi a kan na kowa, wato jarrabawar minti 60 ta koma 90, wani lokaci ninki biyu. Akwai ɗakin jarrabawa marar hayaniya, izinin naɗar lakca, mai rubuta bayanan aji, tafintan yaren kurame, rubuta magana kai tsaye a allo, littattafai a sigar kwamfuta ko rubutun makafi, da damar zaɓar kwasa-kwasai kafin sauran ɗalibai. Wannan na ƙarshe ana raina shi, amma yana da nauyi: da shi mai keken guragu zai kauce wa azuzuwa biyu a jere a gine-gine masu nisa, mai shan maganin da ke sa barci da safe ya kauce wa ajin ƙarfe takwas. Ba a cajin ɗalibi ko sisi kan waɗannan.

Akwai kuma abin da jami'a ba za ta yi ba, kuma gara a san shi tun yanzu. Ba za ta rage abin da kwas ya ƙunsa ko ta sauƙaƙa tambayoyi ba, kamar yadda wataƙila aka yi maka a sakandare. Ba za ta saya maka keke, na'urar ji ko tabarau ba. Ba za ta ɗauko maka mai taimaka maka wanka, sutura ko cin abinci ba. Mai buƙatar irin wannan hidima ya fara magana da hukumar horar da nakasassu kan sana'a ta jiharsa da kuma shirin Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, watanni kafin tafiya, musamman idan jami'ar a wata jiha take, domin Medicaid ba ya bin mutum ya tsallaka jiha.

Bayan an amince, ofishin zai fitar da wasiƙa mai jera sassaucin, ba tare da ambaton larurarka ba. A yawancin jami'o'i kai ne za ka nemi a aika ta ga kowane malami, kuma sai ka sake nema kowane zangon karatu. Ka yi haka a makon farko, ka bi malamin ofishinsa ku tsara yadda abin zai gudana. Sassauci ba ya komawa baya. Ɗalibai da yawa sukan ce bari su gwada ba tare da taimako ba, don sun gaji da a riƙa nuna su. Muna fahimtar wannan gajiya sarai. Sai dai wanda ya faɗi jarrabawar tsakiyar zango sannan ya je ya yi rajista, makin da ya rasa ya tafi. Ka yi rajistar, ka riƙe wasiƙar, in ka ga ba ka buƙatarta a wani kwas sai ka ajiye. Ɗakin jarrabawa na musamman ma sai an kama wuri kwanaki kafin ranar, a wasu wurare mako guda.

Makafi su nemi jerin littattafai da zarar sun zaɓi kwas, domin mayar da littafin lissafi ko kimiyya zuwa rubutun makafi yakan ci watanni. Hutun ƙarshen sakandare lokaci ne na ƙwarewa a manhaja: NVDA mai karanta allo kyauta ce a Windows, irinta VoiceOver tana cikin na'urorin Apple, Bookshare kuma, ɗakin karatu na intanet ga masu wahalar karanta rubutu, kyauta ne ga ɗaliban Amurka da suka cancanta. Koyon manhaja da koyon kwas a lokaci guda nauyi biyu ne.

Yawan kwas, kuɗi da masauki

A sakandare kana aji kusan awa 30 a mako, malamai na bin ka. A jami'a cikakken ɗalibi yana ɗaukar aƙalla kiredit 12, wato kusan awa 12 a aji a mako, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kowace awa ɗaya a aji tana neman awa biyu na karatu a waje. Kiredit 15 ke nan awa 45 a mako, kuma 30 daga ciki babu mai sa ido a kansu sai kai. Idan karatu yana ɗaukar ka ninkin lokacin wasu, yi lissafin da gaskiya. Ana iya neman rage kwasa-kwasai, amma ka fara zuwa ofishin tallafin kuɗi: tallafin Pell na gwamnatin tarayya yana raguwa daidai da ragin, bashin karatu na tarayya kuma yana buƙatar aƙalla rabin nauyi, galibi kiredit 6. Ɗalibin da ya zo daga wata ƙasa da bizar ɗalibai ta F-1 dokokin nakasa sun kare shi kamar kowa, amma kada ya sauke ko kwas ɗaya ƙasa da cikakken nauyi sai da izinin jami'in ɗaliban ƙasashen waje da takardar likita, kuma ragin saboda rashin lafiya ba ya wuce wata 12.

Masauki yana da nasa wa'adin, yawanci tun kafin na karatu. Ɗaki a ƙasa, banɗaki mai faɗi, ƙararrawar gobara mai walƙiya ga kurma, duk sai an nema. Ka je ka bi hanyar daga ɗaki zuwa aji da ɗakin cin abinci da kanka, ka tambayi yadda za a fitar da kai idan gobara ta tashi aka kashe lif. Mai shan magani kullum ya san likitan da zai riƙa rubuta masa da kantin da zai karɓa kafin ya tare.

Iyaye kuma su shirya wa nasu canjin. A ƙarƙashin dokar FERPA ta 1974, haƙƙin ganin sakamako da bayanan karatu yana komawa hannun ɗalibi idan ya kai 18 ko ya shiga jami'a. Jami'a ba ta da wajibcin sanar da ku komai, kuma ko ɗanku ya sa hannu a ba ku bayani, shi ne zai nemi sassauci. Taimakon da ya fi amfani shi ne ku bar shi ya fara kiran asibiti, ya rubuta imel, ya kula da maganinsa tun yana gida.

Idan malami ya ƙi bin wasiƙar, kada ka tsaya gardama da shi a aji. Ka rubuta wa ofishin nakasa imel a ranar, da kwanan wata da abin da ya faru, ka ajiye kwafi. In bai warware ba, jami'a tana da jami'in da ke kula da bin Sashe na 504 da ADA, da hanyar shigar da ƙorafi a rubuce. Bayan wannan akwai Ofishin Kare Haƙƙin Jama'a na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, wanda ke karɓar ƙorafi cikin kwana 180 daga ranar da abin ya faru.