Yadda Ake Karanta Tseren Dawaki Na Tsallake Shinge Kafin A Saki Linzami

Wanda ya saba kallon sukuwa a filin Sarki Abdul'aziz da ke Janadriyya a Riyad, ko filin Sarki Khalid na Ɗa'if lokacin zafi, idonsa ya riga ya koyi neman abu guda: gudu. Kofin Saudiyya da aka fara a 2020 mita 1,800 ne a kan rairayi, ba a cika minti biyu an gama. Tseren tsallake shinge na Ingila da Ailan wani abu ne daban. Mafi gajartarsa yakan kai kusan mil biyu, wato kilomita uku da ɗoriya, a kan ciyawa mai laima, cikin sanyi, kuma doki na ɗauke da nauyin da ya haura kilo 60. Dokin da ya fi kowa gudu sau da yawa ba shi ke zuwa na ɗaya ba. Wanda ƙasar ranar ta karɓe shi, numfashinsa ya kai, ƙafarsa ba ta daki shinge ba, shi ne abin nema.

Kafin mu yi nisa: kusan duk sharhin da ake bugawa kullum a kan wannan tsere an naɗe shi da tallan caca. Caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta ambace ta ƙarara, dokar ƙasar nan, wato Saudiyya, ta hana ta, shafukanta ma a toshe suke. Abin da za mu koyar shi ne sanin doki, don mutum ya zauna da 'yan uwa a istiraha, wato gidan shaƙatawa, ko a majalisa bayan La'asar ya kalli tsere yana gane abin da ke faruwa, ba tare da riyal ɗaya ya fita daga aljihunsa ba.

Lokaci da iri

Zuciyar kakar tana farawa a Oktoba ta ƙare a Afrilu. Da hunturu agogon Makka ya wuce na Landan da awa uku, don haka tseren ƙarfe ɗaya na rana a can ƙarfe huɗu ne a nan. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris tazarar ta koma awa biyu. A Disamba manyan tseren sukan faɗo dab da Magariba, sai ka duba jadawalin tun da safe ka san wanda za ka kalla kai tsaye da wanda za ka bari sai maimaici.

Tseren iri uku ne. Akwai na ƙananan shinge, tsayinsu ya ɗan wuce mita ɗaya, masu sauƙin ture wa, doki na iya dukansu ya wuce. Akwai na manyan shinge, waɗanda ba sa gaza mita 1.37, an cusa su da rassan itace, wasu da rami a gabansu, wani kuma da ya fi su gajarta yana da ruwa a bayansa. Na uku babu shinge ko ɗaya, na dawakin da ke koyon fili ne. Fara da gane wane iri ne a gabanka, domin gwanin ƙananan shinge na iya zama ɗan koyo ranar da ya fara fuskantar manya.

Ƙasa ita ce farko

Kada ka karanta sunan doki ko ɗaya sai ka duba yanayin ƙasa, wanda ake rubutawa a saman takardar tseren. Matakan suna tafiya daga busasshiya mai tauri, zuwa matsakaiciya da suke kira gud, zuwa mai ɗan laushi, zuwa mai laushi wato sof, har zuwa hebi, taɓo ke nan wanda kofato ke nutsewa a ciki. A Ailan suna da wata kalma tasu ta daban ga matakin da ke tsakanin matsakaiciya da mai laushi.

Dalilin da ya sa wannan ya sha gaban komai yana cikin takun dokin. Akwai mai ɗaga gwiwa sama yana dukan ƙasa da ƙarfi. Irin wannan yakan ji daɗin taɓo, ƙasa mai tauri kuwa tana bugun gaɓoɓinsa. Akwai mai shimfiɗa ƙafa yana shafar ƙasa sama-sama. A busasshiyar ƙasa kamar iska yake, amma taɓo na riƙe shi, ya ƙare ƙarfinsa wajen zare kofato. Saboda haka ka buɗe tarihin kowane doki ka duba a wace irin ƙasa ya yi tserensa mafi kyau guda biyu ko uku. In duk nasararsa a gud ce, yau kuma an kwana ana ruwa, ka aje shi gefe komai girman sunansa.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne dogara da rahoton jiya. Ruwan dare ɗaya na iya sauya matakin, kuma bayan tsere huɗu ko biyar dawaki sun tattake filin, wanda aka fara da shi sof ya zama kusan hebi a tseren ƙarshe. Wani lokaci ma ƙanƙara ko ambaliya na sa a soke ranar gaba ɗaya bayan an duba filin da asuba. Masu horo kuma sukan janye doki in ƙasar ta juya musu, don haka sake duba jerin masu fita awa ɗaya kafin a fara.

Nisa da surar fili

Ana auna nisa da mil da falon. Mil ɗaya falon takwas ne, falon ɗaya kimanin mita 201. In ka ga 2m4f, mil biyu da rabi ke nan, kusan kilomita huɗu.

Wannan ilimin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa dawakin da aka horar aka rage musu ƙiba sun yi tsere daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajeriyar tazara daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Kowane doki da nisansa. Tambayar da za ka yi ita ce: a tserensa na baya, ya ƙarasa yana ƙara matsowa, ko yana ja da baya? Mai matsowa a ƙarshen mil biyu da rabi yakan amfana in an kai shi mil uku. Wanda ya jagoranci tafiya sannan ya sage bayan shinge na biyun ƙarshe, a rage masa nisa ya fi. Ka haɗa wannan da ƙasa, domin mil uku a taɓo ya fi mil uku a busasshiyar ƙasa cin rai nesa ba kusa ba.

Filayen kuma ba ɗaya suke ba. Kempton shimfiɗaɗɗe ne, ana zagaya shi ta hannun dama, a nan ake yin tseren King George na mil uku ranar 26 ga Disamba. Cheltenham ta hannun hagu ake bi, da hawa da gangara, ga tudu a ƙarshe wanda ke tona asirin duk dokin da numfashinsa bai kai ba. Kofin Zinare da ake yi a can a watan Maris kimanin kilomita 5.3 ne da manyan shinge 22. Misalin da ya fi fito da bambancin shi ne farin dokin nan Desert Orchid. Ya ci King George sau huɗu, a 1986, 1988, 1989 da 1990, saboda yana karkata dama in zai yi tsalle, amma Kofin Zinare sau ɗaya ya samu, a 1989, kuma da kyar, cikin taɓo. Dokin da ke karkata dama a filin hagu yana fita waje a kowane shinge, ya yi asarar tsawon jiki ɗaya ko biyu, ka ninka wannan sau ashirin ka ga yawan ƙasar da ya ƙara wa kansa. A takarda, harafin C kusa da suna na nufin ya taɓa cin tsere a wannan fili, D ya taɓa ci a wannan nisa, CD kuma ya haɗa duka biyun a tsere ɗaya.

Lambobin da ke gefen suna

Za ka ga jeri kamar 21F-P3. Ana karanta shi daga hagu zuwa dama, na ƙarshe a dama shi ne tsere mafi kusa. Lamba 1 zuwa 9 matsayin da ya zo ne, 0 kuma bai shiga tara na farko ba. Gajeren layi na raba kakar bara da ta bana, layin da ya karkata na nuna ya yi kaka guda cur bai fito ba. F ya faɗi. U ya kayar da mahayi shi bai faɗi ba. B wani doki ne ya faɗi a gabansa ya tafi da shi, wannan ba laifinsa ba ne. R ya ƙi tsallakawa. P mahayin ne ya ja linzami ya tsayar da shi kafin ƙarshe.

Harafin P ya fi kowane buƙatar bincike. Mahayi na iya tsayar da doki don taɓo ya gajiyar da shi, ko jini ya fito masa ta hanci, ko sirdi ya zame, ko numfashi ya sarƙe. P ɗaya a ƙasar da ba tasa ba, a yafe. P biyu a jere ba tare da dalili bayyananne ba, akwai abin da ke damun dokin. Haka F: faɗuwa a shingen ƙarshe yana kan gaba ba ɗaya take da faɗuwa a shinge na uku ba. Lambar ba za ta gaya maka wannan ba, sai maimaicin bidiyo. A ganinmu minti biyar na kallon tseren da ya wuce ya fi karanta sharhi goma. Ka bar kallon wanda ya ci, ka kafa ido a kan dokinka kaɗai: yana isa shinge da taku daidai ko yana daddagewa ya rage gudu, yana sauka ya wuce ko hancinsa na kusan taɓa ƙasa, mahayin na zaune shiru ko tun tsakiyar tafiya yake tura shi.

Akwai kuma ƙananan haruffa na kayan kai: b makarin gefen ido, p ɗan gashin da ake liƙa wa a kumatu don ya daina waige-waige, t ɗaurin harshe don iska ta wuce. Tun 2018 dole ne a Ingila a sanar in an yi wa doki aikin maƙogwaro don gyara numfashi. Dokin da ya saba sagewa a ƙarshe, aka yi masa wannan aikin, ya cancanci a sa masa ido.

Nauyi

Ana rubuta nauyi da siton da laba. Siton ɗaya laba 14 ne, kimanin kilo 6.35. In ka ga 11-10, laba 164 ke nan, kilo 74 da ɗan kai; 10-2 kuma kimanin kilo 64. A manyan tseren gwanaye kusan kowa nauyi ɗaya yake ɗauka, sai goɗiya da ake rage wa laba 7. A tseren daidaita nauyi kuwa, hukumar tsere na bai wa kowane doki maki, maki ɗaya laba ɗaya, wanda ya fi ƙwarewa ya fi ɗaukar kaya. Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne laba ɗaya daidai da tsawon doki ɗaya a wurin ƙarewa.

Aikinka a nan kwatanta makin yau da makin da ya ci tserensa na ƙarshe da shi. Wanda ya ci da maki 120 yanzu aka kai shi 132, ana neman ya ƙara ƙwazo da laba 12. Ɗan shekara shida mai tasowa na iya yi, ɗan shekara goma sha ɗaya da wuya. Kilo goma na bambanci ba ya nuna kansa sosai a mil biyu kan busasshiyar ƙasa, amma a mil uku cikin taɓo shi ke raba gardama. Lambar da ke gefen sunan mahayi rangwame ne na ɗan koyo: laba 7 har ya ci tsere 20, laba 5 har 40, laba 3 har 75. Rangwamen na da amfani in yaron ya iya, amma a manyan shinge rashin gogewa na iya cinye shi a tsalle ɗaya.

Barga ma a duba ta. Yawancin takardu na nuna yadda dawakin mai horo suka yi cikin kwana 14 da suka wuce. In dawaki ashirin sun fita daga barga ɗaya babu wanda ya yi abin kirki, sau da yawa tari ne ko wata cuta ta ratsa ta, kuma ba ta barin gwani. Sunaye irin su Willie Mullins, wanda ya zama zakaran masu horo na Birtaniya a kakar 2023 zuwa 2024 alhali bargarsa na Ailan, ko Paul Nicholls da Nicky Henderson, suna jan ido, amma suna ba ya tsallake shinge.

In an nuno dawakin suna zagaye kafin hawa, duba fata da gumi. Ana sanyin da numfashi ke hayaƙi amma doki ya jiƙe, kumfa ta fito tsakanin cinyoyinsa, to ya fara ƙona ƙarfinsa tun ba a fara ba.

Tseren Grand National na filin Aintree a watan Afrilu, mai kusan kilomita 7 da tsalle 30, ba wurin koyo ba ne, ko da yake an rage yawan masu fita daga 40 zuwa 34 a 2024. Fara da tsere ɗaya a rana mai dawaki shida zuwa takwas. Ka samu littafi, kafin a fara ka rubuta fili, nisa, yanayin ƙasa, dokin da ka zaɓa da dalilinka a layi ɗaya, da wanda ka cire da dalilin cire shi. Bayan an gama ka ƙara layi na uku: a wane shinge al'amarin ya juya, kuma me ya juya shi. Dokin da ya zo na huɗu bayan ya daki shinge biyu, ko aka kai shi ƙasar da ba tasa ba amma ya jure, ja layi a ƙarƙashin sunansa, ka rubuta irin ƙasa da nisan da kake jiran a ba shi.