Kaurin miya ba tare da fulawa ba

'Yan uwa masu rage sitaci, ku daina kaurara miya da fulawa ko garin rogo.
Ku koma ga garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi ko agushi.

Fulawa fiye da kashi 70 cikin 100 nata sitaci ne.
Yauƙin kuɓewa da karkashi kuwa harza ce da ke riƙe ruwa, ba ta tayar da sukarin jini kamar gari. Ga araha, ko a kasuwar Gusau ko a ƙauye.

Kuka kaɗan miya take so. Ki rage wuta, ki riƙa barbaɗawa kina burgawa da maburgi. In kika juye ta lokaci guda, gudaji za ta yi.

Inda dabarar ba ta ci: tsami yana kashe yauƙi, don haka kada ki haɗa kuɓewa da yakuwa ko tumatur mai yawa.
Miyar ja kuma, ki buɗe murfi ta tsotse da kanta.

Gyaɗa na kaurara miyar taushe sosai, amma ki auna, tana da maiƙo da ɗan sitaci.

Mai shan maganin ciwon sukari, don Allah ki fara tuntuɓar likita kafin ki rage tuwo.