Tattakin Najaf zuwa Karbala: yadda za ka kai da ƙafarka lafiya

Masu niyyar tattakin Arba'in a Iraƙi, wato tattakin tunawa da cika kwana arba'in da shahadar Imam Husaini a Karbala, abin da ya fi kayar da mutane a hanyar nan ba nisa ba ne, rana ce da kuma ƙafa. Tafiyar wajen kilomita 80 ce, yawanci kwana uku ake yi, kuma ranar Arba'in 20 ga Safar ce wadda a shekarun nan take faɗowa tsakiyar zafin Iraƙi, zafin da kan haura digiri 45. To duk shirin da za ka yi ka gina shi a kan wannan.

Kar ka yi tafiyar rana. Ka tashi bayan asuba ka taka zuwa wajen tara ko goma na safe, sai ka nemi maukibi (rumfar hidimar masu tattaki kyauta) mai fanka ko AC ka kwanta, bayan la'asar sakaliya ka ɗora har dare ya raba. Wasu matasa sai su ce su ƙarfi gare su su ratsa azahar, ƙarshenta sai a tantin likitoci ana ƙara musu ruwa, ribar me aka ci kenan? Ruwa kuwa ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo, ka tafi da ƙunshin ORS ko biyar ne saboda gumi yana tafiya da gishirin jiki.

Maganar takalmi nan ne zan ɗan tsaya. Sabon takalmi dai a'a, ko na nawa ne. Kambas ɗin da ƙafarka ta saba da shi, mai ɗan yalwa don ƙafa tana kumbura, shi za ka saka, ka fara taka kilomita biyar zuwa goma da shi kullum tun saura wata guda a gida. Safa kamar uku, da ka tsaya hutu ka cire takalmin ƙafa ta sha iska ka canza busasshiya, ka shafa basilin a tsakanin yatsu da matsematsi don nan ma yana saɓulewa kuma ba mai gaya maka sai ka ji a jikinka. Inda ka fara jin zafi-zafi ka manna filasta nan take, kar ka bari sai ya yi bororo, in kuma ya riga ya yi ka kai wa masu jinya na kan hanya su duba, kar ka yage fatar.

Kaya kuma ka rage, don Allah ka rage. Mutanen Iraƙi suna ciyarwa kyauta dare da rana, shinkafa da ƙima (wata miyar nama ce), shayi, dabino, wurin kwana maza daban mata daban, har da masu matsa ƙafa. Ƙaramar jakar goyo ta isa: kaya kala biyu marasa nauyi, silifas na banɗaki, fawa bank, lema ko hula, takunkumi don ƙura, magungunanka. Fasfo da kuɗi a jikinka ko barci kake. Amma fa ba duk abin da aka miƙo za ka ci ba, cikin baƙo bai saba ba, ga layin banɗaki da tsawo.

Falwayoyin hanya suna da lamba har 1452, tsakanin kowace biyu mita 50, wato falwaya ashirin kilomita ɗaya kenan, sai dai lambar ba daga haramin Imam Ali da ke Najaf take farawa ba, sai ka fita daga cikin gari tukuna. Da su za ku yi alƙawari, ku ce in an rabu a haɗu a 500 ƙarfe kaza, don sabis yana ɗaukewa saboda cinkoso. Yara da tsofaffi a rataya musu kati mai suna da lambar shugaban tawaga da adireshin masauki da Larabci.

Ka bar sauran ƙarfi don komawa, a kwanakin ƙarshe motoci ba sa shiga tsakiyar Karbala, sai ka sake taka wasu kilomitoci kafin ka samu tasha.