Yadda Za Ki Sa Doguwar Riga Mai Maɓallai da Doguwar Tishat Su Zauna Miki a Jiki

Rigunan nan biyu asalinsu ɗaya, domin duk daga kayan maza aka ɗauko su aka ƙara musu tsawo. Mai kwala da maɓallai daga shat ta fito, kuma ta yi tashe sosai a shekarun 1950, bayan Christian Dior ya fito da salonsa na matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket a 1947. Doguwar tishat kuwa 'yar rigar ciki ce ta auduga da aka ja ta har gwiwa ko ƙasa da haka. Sai dai halinsu ya sha bamban, kuma sanin wannan shi ne rabin aikin. Mai maɓallai tana da tsayuwar kanta, don haka sassauta ta za ki yi. Tishat laushi gare ta, ba ta da siffa sai wadda kika ba ta.

Fara da kafaɗa tun kafin ki saya. Ɗinkin da ya haɗa hannun riga da jikinta ya kamata ya zauna daidai inda ƙashin kafaɗarki ya ƙare. Tela zai rage miki tsawo ko ya matse ƙugu cikin sauƙi, amma gyaran kafaɗa sai ya kwance hannu, wani lokaci har da kwala, kuma ba kasafai rigar ke dawowa yadda take ba. Idan irin burmemiyar nan ce da aka yi ta da gangan, ɗinkin zai sauko kan damtse, wannan ba laifi ba ne.

Daga nan ki gwada ta kina motsi. Ki zauna, ki ɗaga hannu sama, ki rungume hannuwanki a ƙirji. Abin da kike nema a mai maɓallai shi ne ko tana buɗe baki tsakanin maɓalli da maɓalli a wajen ƙirji ko cinya. Idan buɗewar kaɗan ce, a ɗinka ƙaramin maɓallin dannawa daga ciki a tsakanin biyun, ko ki kama wurin da fil ta baya yadda ba za a gani ba. Idan kuwa yadin har ya ja ya yi layi-layi a gefen maɓallan, rigar ta yi miki kaɗan, ki ɗauki ta gaba da ita a rage miki ƙugu.

Ita tishat, yadinta ne abin dubawa. Ki ɗaga ta saitin haske, ki sa tafin hannu a ciki. In kina ganin yatsunki sarai, to sai da shimi. Sannan ki ja yadin ki sake: mai kyau yana komawa nan take, marar kyau yana tsayawa a miƙe, kuma shi ne zai yi miki buhu a baya bayan zaman awa ɗaya. Idan an rubuta nauyin yadin, na gram 180 zuwa sama a kowace murabba'in mita ya fi dacewa da doguwar riga. Kayan cikin da ba su da ɗinki mai kauri su ne abokan tafiyarta, don duk abin da ke ƙarƙashi sai ta nuna shi.

Yanzu sai ƙugu, kuma a nan nake so ki fi ba da lokaci. Ki tsaya gaban madubi ki karkata gefe ɗaya. Inda jikinki ya lanƙwasa, yawanci sama da cibiya kaɗan, nan ne bel zai zauna. Bayan kin ɗaura, ki ɗaga hannuwanki sama duka biyu ki sauke. Yadin zai ɗan fito ya kwanta a kan bel ɗin da kansa. Sai ki bi da yatsa ki tura tattarar da ta taru a gaba zuwa gefe da baya, gaban ya zauna sumul. Wannan ɗan aikin na daƙiƙa goma shi ke raba wadda ta yi shiri da wadda ta ɗaure kanta kawai.

Faɗin bel ma yana da muhimmanci. Idan tsakanin ƙirjinki da ƙugunki gajere ne, siriri mai faɗin santimita 2 zuwa 3 ya ishe ki, domin mai faɗi zai cinye wurin gaba ɗaya. Mai dogon jiki za ta iya ɗaukar na santimita 5 ko fiye. Igiyar yadin da ke zuwa tare da rigar, ni dai na fi son a musanya ta da bel na fata, yana ƙara wa rigar daraja nan da nan. Kuma in zaren da aka ɗinka a gefe don riƙe igiyar bai zo daidai ƙugunki ba, ki yanke shi, kada ki bar shi ya zaɓa miki wuri.

Mai maɓallai a wajen hannu da wajen wuya ake sassauta ta. Ki ɓalle bakin hannun, ki juya shi sama da naɗi ɗaya mai tsawo har ya wuce gwiwar hannu kaɗan, sannan ki naɗo na ƙasan ya rufe shi, ki bar gefen bakin hannun yana leƙowa. Wannan naɗin ba ya warwarewa da wuri. A wuya ki buɗe maɓalli ɗaya ko biyu. Wata rana kuma ki buɗe ta duka ki ɗora a kan wando da ƙaramar riga, ta zama miki doguwar rigar sama.

Tishat kuma abu mai ƙarfi take so a kusa da ita: gajeriyar jaket ta jins da ta tsaya a ƙugu, ko shat da kika ɗaura a ƙugu da hannayensa, ko doguwar sarƙa. Da kambas ta zama ta yawo, da takalmi mai tsini da jaket mai kwala ta shiga ofis.

Tsawon kowacce kada ya tsaya a inda sharaɓarki ta fi kauri. Ko dai daidai ƙasan gwiwa, ko kusa da idon sawu.

Wajen wanki, ki juya su ciki waje, ruwan kada ya wuce digiri 30, don auduga na tsukewa a ruwan zafi. Kada ki rataye tishat a hanga tana jiƙe, nauyin ruwan zai ja ta ya bar ƙahoni a kafaɗa. Ki shimfiɗa ta ko ki ninka ta biyu a kan igiya. Gugar mai maɓallai kuwa daga kwala ake farawa, ta bayanta, daga tsinin kowane gefe zuwa tsakiya, sai bakin hannu, sai layin maɓallai, kina bi da hancin dutsen guga a tsakaninsu ba tare da kin hau kansu ba.